Kwamfutar 'Yan Makaranta A Hannun Babba

Ran nan da la'asar ina zaune a gindin darbejiya a ƙofar gida, na ɗora wata 'yar na'ura bisa cinya ina rubutu, sai ga wani abokin aikina ya zo wucewa. Ya yi sallama, ya dube ta, ya dube ni, sa'an nan ya ce, "Malam, lafiya dai? Yau kuma kayan wasan yara ka ƙwace?" Ban ga laifinsa ba, domin duk wanda ya fara ganinta haka zai zata. Launinta kore ne da fari, tana da mariƙi kamar 'yar jakar makaranta, ga kuma kunnuwa biyu a miƙe kamar na zomo. Amma fa kwamfuta ce sosai, sunanta XO-1, kuma a shekarar 2007 tana cikin na'urorin da jaridun duniya suka fi kururutawa.

Na daɗe ina so in ba masu karatu labarin zamana da ita. Dalilina kuwa shi ne, har gobe ba a daina kawo wa hukumomin ilmi shawarar a sayi na'urori a raba wa 'yan makaranta ba, kuma kowane mai talla yakan zo da alkawarin cewa da zarar abin ya shiga hannun yaro an gama da jahilci. To, ni na riƙe irin wannan na'ura a hannuna shekara da shekaru, na kwance ta, na ɗaure, na ji daɗinta, na kuma sha wuyarta. Ina ganin abin da ta nuna mini ya kamata malamai da masu riƙe da kuɗin ilmi su ji.

Asalin maganar daga Amurka ta fito. Akwai wata babbar makarantar fasaha can da a ke kira MIT, a cikinta kuwa akwai wani shehun malami mai suna Nicholas Negroponte. A watan Janairu na 2005, wurin taron attajirai da shugabanni da a kan yi a Davos ta ƙasar Suwizalan, ya ce zai sa a ƙera kwamfuta wadda kuɗinta ba zai wuce dala 100 ba, a raba wa 'ya'yan talakawan duniya. Ƙungiyar da ya kafa domin wannan aiki ita ce One Laptop per Child, watau kowane yaro da tasa kwamfuta, a taƙaice kuma OLPC. Tushen tunanin na abokinsa ne, Seymour Papert, haifaffen Afirka ta Kudu, wanda ya yi aiki a Janiba tare da Jean Piaget, mutumin nan da babu ɗalibin kwalejin horon malamai da bai sha haddar sunansa ba. Ra'ayin Papert shi ne, yaro ya fi koyo sa'ad da ya ke gina wani abu da hannunsa, kuma kwamfuta za ta zame wa tunanin yaro kamar yadda yumɓu ya ke ga maginin tukwane.

A watan Nuwamba na wannan shekara aka nuna samfurin farko a birnin Tunis, gaban Kofi Annan, Babban Sakataren Majalisar Ɗinkin Duniya na lokacin. Samfurin yana da hannun murɗawa a gefe kamar na garmaho, wai domin yaron da ba wutar lantarki a garinsu ya murɗa ya sami caji. An ruwaito cewa hannun nan ɓallewa ya yi a wurin nunin. Daga baya aka cire shi daga jikin na'urar ɗungum, amma har yau in ka ambaci kwamfutar nan wa wanda ya taɓa jin labarinta, tambayarsa ta farko ita ce ina abin murɗawar. Kuɗin ma bai tsaya inda aka ce ba. Sa'ad da kamfanin Quanta na Taiwan ya fara ƙera ta da yawa a watan Nuwamba na 2007, kowace ɗaya ta kai wajen dala 188.

Mai karatu zai ce, to, yaya aka yi kayan yara ya faɗo hannun manya? Ga yadda aka yi. Gwamnatoci da dama da suka yi alkawarin saye da baki, da aka zo maganar biya sai suka noƙe. Saboda haka ƙungiyar ta buɗe wata ƙofa: daga 12 ga Nuwamba na 2007 zuwa ƙarshen shekara, mutumin Amurka ko Kanada zai biya dala 399, a aika masa da ɗaya, ɗaya kuma a kai wa wani yaro a ƙasar talakawa. Dubban mutane suka saya, waɗansu don sadaka, waɗansu don ƙwaƙwa. Da yawa cikinsu mako kaɗan suka yi da ita suka jefa a akwati. Tawa ɗaya ce daga cikin waɗannan. Wani tsohon ɗalibina da ya tafi ƙaro ilmi Kanada shi ya tsince ta wurin masu gwanjo, ya tuna ni mutum ne mai son kwance rediyo, ya riƙo mini tsaraba a 2021.

YADDA TA KE

Kunya ta farko da ta ba ni ita ce wajen buɗewa. Na juya ta gaba da baya ina neman maɓalli, na rasa. Ƙaramar 'yata da ke tsaye tana kallo ta miƙo hannu ta ɗaga kunnuwan nan biyu, sai ga ta a buɗe. Ashe kunnuwan aiki uku su ke yi: su ne makulli, su ne eriyar kama intanet, kuma in an kwantar da su suna rufe ramukan filashi da na abin sauraro don kada ƙura ta shiga.

Nauyinta wajen kilo ɗaya da rabi ne. Ƙwaƙwalwarta ta kamfanin AMD ce, samfurin Geode, mai gudun megahaz 433. Wurin aikinta megabait 256, ma'ajiyarta kuwa gigabait 1 tak. Ga wanda bai saba da waɗannan ma'aunai ba, a taƙaice wayar da ke aljihun ɗan acaba a yau ta fi ta ƙarfi nesa ba kusa ba. Amma ba ta da fanka a ciki, ba ta da faifai mai juyawa, watau babu abin da zai zuƙi ƙurar hunturu, babu kuma abin da zai karce in ta faɗi. Wutar batirin mota ta ishe ta caji, haka ɗan farantin sola. Masu ƙirar sun yi burin kada ta ci wutar da ta wuce wat 2. Ba su cim ma haka a kowane irin aiki ba, amma duk da haka cinta kaɗan ne ƙwarai.

Abin da ya fi kome a jikinta, a ganina, shi ne gilashin da a ke kallo, wanda wata injiniya mai suna Mary Lou Jepsen ta ƙirƙiro. Girmansa daga kusurwa zuwa kusurwa inci 7 da rabi ne. A cikin ɗaki yana nuna launi kamar na kowace kwamfuta, ko da ya ke launin bai cika kyau ba. Amma in ka rage fitilar bayansa har ta mutu, sai ya rikiɗe ya koma baƙi da fari, ya riƙa aron hasken rana yana nuna rubutu da shi, ɗigo 1,200 a kwance, 900 a tsaye, watau ɗigo 200 cikin kowane inci. Kowa ya san wahalar da a ke sha da waya a tsakar rana, mutum yana kāre ta da tafi yana neman inuwa. Wannan kuwa, iyakar ƙarfin rana iyakar fitowar rubutu, sai ka ce shafin jarida. Har wa yau gilashin yana juyawa a kan wuyansa, ka kwantar da shi bisa madannai, na'urar ta zama kamar littafi, kana buɗe shafi da 'yan maɓallan da ke gefe. Akwai kuma wani ɗan guntun inji da ke riƙe shafin a fuska alhali ƙwaƙwalwar tana barci, domin tattalin batir. Na karanta littattafai da yawa haka a gindin darbejiyar nan, kuma ban taɓa riƙe wata kwamfuta, mai tsada ko mai araha, da ta kai ta daɗin karatu a fili ba.

Madannan kuwa wani labari ne. Shimfiɗar roba ce guda ɗaya, domin kada ruwa ko ƙasa su ratsa, an kuma auna ta da yatsun yaro ɗan shekara 6 zuwa 12. Yatsan babba in ya nufi harafi ɗaya sai ya haɗa da maƙwabcinsa. Na yi wata guda ina rubutu da yatsa biyu kamar sabon akawu gaban tafireta, kafin na haƙura na sayo madannai na manya na jona mata, ta koma kamar jaki da sirdin doki. Ɗan farantin da a ke goga yatsa don motsa kibiya shi ma sananne ne cewa a na'urorin farko yakan rikice, kibiyar ta riƙa tsalle ita kaɗai. Masu ƙirar da kansu suka bayyana maganin: a danna maɓallai huɗu na kusurwoyin madannai gaba ɗaya, a ɗauke hannu, sai ta daidaita. Masu sha'awar na'urar har suna suka sa wa wannan, wai gaisuwar yatsu huɗu.

ASABAR DA SUKUDIREBA

Sa'ad da ta iso hannuna ta shekara 13 ko fiye a ajiye, tsufa kuwa ba ya barin kome. Babban batirin ya mutu, sai an jona ta da wuta ta ke tashi. Da ta tashi kuma sai na ga ba ta san ranar da a ke ciki ba, domin ɗan batirin agogo da ke can ciki, mai kamar kwabo, shi ma ya ƙare. Kada mai karatu ya raina wannan. Kwamfutar da ta ɓata kwanan wata, shafukan intanet masu tsaro ba su yarda da ita. Dole na buɗe cikinta.

A nan na ga abin da ya sa na ƙaunace ta. Ƙaramin sukudireba mai bakin tauraro guda ɗaya ya isa a kwance ta kusan duka, kuma an baza bayanin kwancewar a fili, da hotuna, ga duk mai so. Ina cikin aiki bisa tabarma sai ƙusa ɗaya ta suɓuce mini ta faɗa cikin rairayi. Na yi ta lalube har magariba ban gan ta ba. Kashegari ina sake duba bayanin sai na ga ashe an ɓoye ƙusoshin ko-ta-kwana a cikin mariƙin na'urar. Na buɗe, ga su nan a jere. Na daɗe ina kallonsu, ina tunanin wani mutum a wata ƙasa mai nisa wanda ya san lalle wata rana wani zai yar da ƙusa a ƙasa, ya yi masa tanadi tun kafin ya yar. Yawancin na'urorin zamanin nan kuwa da gam a ke liƙe su, don kada mai su ya leƙa.

Batirin agogon ma sai da ya koya mini hankali. Lambarsa ML1220, irin wanda a ke yi wa caji ne. Mai gyaran agogo a kasuwa ya miƙo mini wani mai lamba CR1220, girmansu ɗaya, ya ce ai duk kanwar ja ce. Allah ya taimake ni na bincika kafin in sa, domin shi wannan ba a yi masa caji, in an tilasta masa yana iya kumbura ya zubar da ruwa a cikin na'ura. Sai da na jira wata biyu kafin a kawo mini na ainihi.

Sa'an nan na sabunta manhajarta. A kan sauko da ita a wata kwamfutar, a zuba a filashi, a soka, a danne maɓallan wasa huɗu da ke gefen gilashi, a kunna. Sai ka ga fuskar ta cika da 'yan gidaje kamar na dara suna canza launi ɗaya bayan ɗaya har a gama. Manhajar ta dangin Linux ce, kuma sabuntawar ƙarshe-ƙarshe an gina ta ne bisa Fedora ta 18, wadda ta fito a 2013. Saboda haka kada kowa ya sa rai zai yi yawon intanet da ita. Takan kama intanet ɗin wayata, amma shafukan yau sun yi mata nauyi, waɗansu ma ba su buɗuwa sam. Ba Facebook, ba YouTube. Ni dai ban yi asara ba, don duk rahoton da na rubuta a kanta na fi saurin gama shi.

Haruffanmu masu lanƙwasa, ɓ da ɗ da ƙ, su ma sai da na yi musu dabara. Tawa madannan Turancin Amurka gare ta, amma a cikin Linux akwai tsarin madannai na Hausar Nijeriya, umurni ɗaya a ke rubutawa ya fito. Na yanka 'yan takardu na liƙa bisa maɓallan da suka canza. Ranar da na ga "ƙwarƙwata" ta fito daidai a fuskar nan, na yi murna kamar yaron da ya ci jarrabawa.

Fuskar da yaro ke gani in ya kunna sunanta Sugar, aikin su Walter Bender ne. Ba ta yi kama da ta kwamfutar ofis ba ko kaɗan. Akwai ɗan mutum a tsakiya, watau mai na'urar, ayyuka kuma sun kewaye shi. Ba a cewa ka adana takarda a wata jaka. Duk abin da ka yi yana shiga wani kundi da kansa, bi da bi, kamar littafin tarihin rana. Babba wanda ya saba da tsarin ofis yakan ji haushin wannan da farko, ni ma na ji. Akwai aikin rubutu, da na ɗaukar hoto da murya, da na kiɗa, da na koyon harshen Python. Akwai wani mai suna Measure, wanda in ka yi fito ko ka busa sarewa sai ka ga siffar sautin tana rawa a gilashi, in ka siranta murya tsaunukan su matsu, in ka kaurara ta su baje. Shekara nawa na yi ina zana wannan da alli a allo ina ce wa ɗalibai haka sauti ya ke, ban taɓa ganinsa da idona ba sai a kayan wasan yara.

Amma wanda ya kunyata ni sosai shi ne aikin kunkuru, Turtle Art, jikan harshen Logo da su Papert suka ƙirƙiro tun 1967. Kunkuru ne a tsakiyar fuska da alƙalami, kana ba shi umurni: yi gaba taku kaza, juya dama kaza. Na ce masa gaba 100, dama 90, sau huɗu, ya zana murabba'i. Na ce to, bari in yi alwatika. Kowa ya san kusurwar alwatika mai daidaitattun gefuna 60 ce, saboda haka na ce gaba 100, dama 60, sau uku. Kunkuru ya tafi, ya bar mini wani abu a buɗe kamar rabin kwano. Na sake, ya sake. Na fara zargin na'urar. Sai da na tashi tsaye na taka alwatikar da ƙafata a tsakar gida, iyalina suna kallona suna dariya, sa'an nan na gane cewa mai tafiya ba kusurwar ciki ya ke juyawa ba, ta waje ya ke juyawa, watau 120. Uku sau 120 kuwa 360 ke nan, kamar yadda huɗu sau 90 ya ke 360, domin duk wanda ya kewaya ya komo inda ya taso yana fuskantar inda ya fuskanta da fari, lalle ya yi cikakken juyi ɗaya. Jama'a, wannan ƙa'ida na san ta a takarda tun ina sakandare, na kuma koya wa malamai yadda za su koyar da ita. Amma ranar nan na fahimce ta. A wannan wuri dai Papert ya yi gaskiya, ni shaida ne.

Can ƙarƙashin kome kuma akwai wata ƙofa, ga na'urar da aka cire wa makulli, kamar yadda mai tawa na farko ya riga ya yi. In ka danna maɓallin kusurwar hagu ta sama tana cikin tashi, sai ta tsaya ta rubuta "ok" tana jiranka, da wani tsohon harshe da a ke kira Forth. Lissafinsa a juye ya ke: ka rubuta 2, ka rubuta 3, sa'an nan alamar tarawa, sa'an nan ɗigo, sai ya ba ka 5. Daga nan kana iya sa ta ta gwada gaɓoɓinta ɗaya ɗaya, ta gaya maka wadda ke ciwo. Na ɓata dare da yawa a nan, ba don wani amfani ba sai don daɗi.

Abu ɗaya ne ban taɓa gani ba. An ƙera XO-1 domin ta yi magana da 'yan'uwanta kai tsaye, wannan ta miƙa wa waccan, ko babu intanet, yara su yi rubutu tare a takarda ɗaya. Akwai ma aikin da na'ura biyu ke auna tazarar da ke tsakaninsu da sauti. Akwai shafin da a ke kira unguwa, inda kowane yaro da ke kusa zai bayyana da launinsa. Ni kuwa in na buɗe unguwata, ɗan mutumina kaɗai na ke gani a tsaye.

WA ZAI YI WA YARO?

Wata rana na ɗauki littafin da na ke rubuta gyare-gyaren da na yi mata, na duba abin da kowane gyara ya ci. Sai na ga kowanne ya bukaci in karanta bayani mai tsawo da Turanci, ya bukaci wata kwamfutar mai intanet, da kuɗin batir, da wanda zai kawo mini kaya daga nesa, da Asabar ɗin da ba ni da aiki. Ni kuwa mutum ne mai albashi, mai shekara arba'in da ɗoriya, wanda tun yana yaro ya ke kwance rediyon mahaifinsa ana dukansa. To, yarinya 'yar aji huɗu a ƙauye, in tata ta ɓata kwanan wata ko robar madannanta ta yage, wa zai yi mata wannan?

Ba mu bukatar tafiya nesa neman amsa, domin Nijeriya tana cikin ƙasashen farko da aka gwada na'urar. A 2007 aka raba wajen 300 a makarantar firamare ta Galadima, a gefen Abuja, 'yan jaridun duniya suka yi ta zuwa ɗaukar hoto. Gwamnatin Obasanjo ta nuna niyyar sayen miliyan ɗaya. Amma a shekarar aka canza gwamnati, Ministan Ilmi na sabuwar kuwa ya fito ya tambaya ina hikimar raba kwamfuta ga yaran da ba su da ko bencin zama. A watan Yuli Kamfanin Dillancin Labarai na Nijeriya ya ba da labarin an ga hotunan batsa a waɗansu na'urorin, har aka koma sa musu matata. Kamfanin Intel yana can yana gwada tasa kwamfutar, Classmate, a wata makaranta a Jabi. Kafin shekara ta ƙare kuma wani kamfani mai suna Lancor ya shigar da ƙara a Babbar Kotun Tarayya ta Legas, yana cewa an kwaikwayi madannansa na Konyin, waɗanda aka yi don rubuta harsunan Nijeriya, ya nemi diyyar dala miliyan 20. Ƙungiyar ta musanta. Miliyan ɗayan nan dai ba a saye ta ba.

Inda aka saya da yawa fa? Ƙasar Peru ta sayi dubu ɗaruruwa ta kai ƙauyukan kan duwatsu. A 2012 masu bincike na Bankin Raya Ƙasashen Amurka suka fitar da sakamakon nazarin makarantu 319 na karkara, bayan wata 15 da rabon. Sun ga yara sun iya sarrafa na'urar, sun kuma ɗan ƙaru wajen kaifin tunani, amma a jarrabawar lissafi da ta harshe ba su fi waɗanda ba a ba ba. Wata malama kuma, Morgan Ames, ta zauna a Faragwai tana lura da yadda yara ke amfani da ita, ta fitar da littafi a 2019. Ta tarar da na'urori da yawa a lalace, masu aiki kuma galibi kiɗa da wasa da kallo a ke yi da su. Hukuncin da ta yanke shi ne, waɗanda suka ƙera ta sun ƙera ta ne domin irin yaron da su kansu suka kasance, watau yaro mai ƙwaƙwar inji wanda ke da babba a gida yana taimakonsa. Da na ji wannan sai na yi dariya, don na gane dalilin da ya sa ta dace da ni haka. Ashe ni ne yaron, sai dai na yi furfura kafin ta iso.

Ƙasar da abin ya zauna da gindinsa ita ce Yurugwai. A 2007 Shugaba Tabaré Vázquez ya kafa shirin Ceibal, zuwa 2009 kowane ɗan firamaren gwamnati ya sami tasa. Amma su ba rabo kaɗai suka yi ba. Sun ja intanet zuwa makarantu, sun kafa wuraren gyara, sun horar da malamai, sun kuma kafa hukuma mai kasafin kuɗi wadda ta ci gaba da aiki bayan an daina yayin koriyar na'urar. Ƙasa ce ƙarama, mutanenta ba su kai miliyan huɗu ba, kuma tun da can kusan kowa ya iya karatu. Wanda zai kawo mana misalinta, sai ya kawo shi da dukan kayansa.

Kada a ce na yi wa ƙungiyar rashin adalci. An raba wajen miliyan uku na na'urorinta iri iri a duniya. Ruwanda har hoton yara riƙe da ita ta sa a takardar kuɗinta ta faran 500 a 2013. Tsoron da ta ba manyan kamfanoni yana cikin abin da ya sa suka fara fito da ƙananan kwamfutoci masu araha, irin Eee PC ta kamfanin Asus a 2007. Ƙirar kuwa, na riga na faɗi abin da na gani a cikin mariƙinta. Kuskuren yana wurin zaton cewa in na'ura ta yi kyau ƙwarai, ana iya tsallake malami.

A zangon karatun da ya wuce na ɗauke ta na kai ajin dabarun koyarwa a kwalejinmu. Na ajiye ta bisa tebur da sukudireba a gefe, na ce wa ɗaliban, waɗanda baɗi war haka su ne malaman firamare, wa zai cire mini gilashinta ya mayar. Ajin ya yi tsit. Kowannensu yana da waya a aljihu wadda ta fi ta ƙarfi, amma babu wanda ya taɓa buɗe cikin wata na'ura, kuma duk tsoronsu kada ta lalace a ce su biya. Wannan tsoro shi ne ke sa in an kawo kaya makaranta, hedimasta ya kulle su a kabad har ɓera da tsatsa su gama da su, mai duba makarantu ya zo ya ƙirga ya ga sun cika, ya rubuta rahoto mai kyau. Na ga irin kabad ɗin nan ba ɗaya ba, ba biyu ba.

Can sai wata ɗaliba daga bayan aji ta taso ta ce, "Malam, in ta lalace fa?" Na ce in ta lalace tawa ce. Ta zauna, hannunta yana rawa, ta cire ƙusoshin ta jera su bisa murfin biro. Kafin a buga ƙararrawa ta mayar da gilashin, ta kunna, ɗan mutumin ya bayyana, aji ya ɗauki tafi. A mako na biyu na ba su kunkuru na ce su zana alwatika. Kusan dukansu 60 suka sa. Ban gaya musu kome ba, na ce su fita fili su taka.

Yanzu na rubuta wa shugaban kwaleji takarda ina roƙo a ba ni awa biyu kowane mako domin wannan, da 'yan kuɗin sukudireba goma da tsofaffin na'urori ko wace iri, waɗanda ba wanda zai yi kuka in sun mutu. Ban sami amsa ba tukuna. Tsohon ɗalibina kuwa ya aiko cewa ya sake tsinto wata XO-1, zai riƙo in ya zo hutu, watau unguwata ta kusa samun maƙwabci, mu ga ko sautin nan zai auna tsakar gidana daidai da igiyar awo. Kafin nan, robar madannan tawa ta fara tsagewa wajen harafin "a", da ya ke shi ya fi shan dannawa a rubutun Hausa. Na nuna wa mai facin taya na bakin kasuwa, ya jujjuya ta, ya ce bai taɓa yin facin kwamfuta ba, amma in kawo ran Asabar da safe kafin masu babura su taru.